Daminar da Na Zauna a Shagon Gem

Akwai maganar da kuka taso kuna ji a unguwa, na kuma san ta shiga kunnen kowannenku, ko da yake babu wanda ya taɓa tunkarata da ita: wai an taɓa sauke mahaifinku daga na'ibin liman saboda ya koma zaman gidan gem tare da yara. Ba ƙarya aka yi mini ba. An sauke ni, kuma na zauna. Sai dai masu ba da labarin daga tsakiya suke ɗauko shi, a tsakiya kuma suke ajiye shi. Tunda Allah Ya ja da raina har ƙarfi ya fara tafiya, gara ku ji shi daga bakina tun daga tushe.

Wajen tsakiyar shekarun casa'in ne. Ina koyarwa a wata firamare a cikin garin Haɗeja, idan kuma limamin masallacin unguwarmu ya yi tafiya ko jiki ya hana shi fitowa, ni nake shiga gaba. Mu biyar ne a gida a lokacin: ni, da mahaifiyarku Falmata wadda yara ke kira Iya, da tawa mahaifiyar wadda kowa ke kira Inna, sai yara biyu. Babban shi ne yayanku Musa, Kalla ke nan, yana dab da gama firamare. Ƙaramin Bukar ne, wanda babu ɗayanku da ya riske shi. Sunan kakansa na wajen uwa ya ci, mutanen bakin Tafkin Cadi, kuma kamar su yake wajen son ruwa. Yaro ne mai surutu, ba ya tafiya sai da gudu, duk inda Kalla ya cire ƙafa nan yake sa tasa.

A daminar shekarar kogi ya kawo da wuri, fadama ta cika har ruwa ya taɓo gindin jinga, tudun ƙasar nan da aka yi don kare gari. Ana cikin dogon hutu. Wata rana da hantsi yaran suka ɗauki fatsarsu suka fita ba wanda ya gani. Bayan azahar Kalla ya dawo shi kaɗai, a jiƙe sharkaf, babu takalmi. Ya tsaya a tsakar gida. Inna ta tambaye shi ina ƙanensa, ta sake tambaya, ta kama kafaɗarsa ta girgiza. Bakinsa ya motsa, amma babu abin da ya fito. Washegari masunta suka samu Bukar a cikin ciyawar kacala, can ƙasa da gari. Muka yi masa sutura. Daga wannan rana yayanku bai sake furta kalma ba.

Babu abin da ba a yi ba. An yi rubutu ya sha, an yi masa hayaƙi, na kai shi asibiti likita ya duba maƙogwaro da kunne ya ce lafiyarsu lau, a ba shi lokaci. In an ba shi abinci zai ci, in an aike shi zai je, a salla ina ganin laɓɓansa suna motsi. Amma ko tari ne ya zo masa sai ya toshe baki, kamar yana tsoron a ji muryarsa. Inna ta ce mutanen ruwa ne suka riƙe masa harshe. Mahaifiyarku kuwa nata ciwon ya ishe ta, ga kuma kunyar ɗan fari da ta hana ta ko jawo shi jikinta. Ku yaran yanzu ba ku san nauyin wannan ba. Ita ba ta taɓa kiran sunansa ba, “yaron nan” take cewa. Ni kaina ban taɓa zama da shi mu biyu a tabarma ɗaya ba, ban taɓa tambayarsa abin da ke ransa ba. Haka muka samu iyayenmu suna yi, ba ƙiyayya ba ce. Sai ga shi lokacin da yaron ya fi bukatar a matso kusa da shi, babu wanda ya san yadda ake matsowa a cikinmu.

Abin da ya fi hana ni sukuni shi ne na lura kullum bayan la'asar yana ɓacewa daga gida, sai dab da magariba ya dawo. Zuciyata ba ta kawo mini komai ba sai kogi. Ranar da na kasa daurewa na bi shi daga nesa. Ya miƙe hanyar da ke zuwa jinga, har na tattare riga zan ruga, sai na ga ya karya kwana a mararraba ya nufi wajen tasha, ya shige shagon Bitrus.

Bitrus mutumin Filato ne, mai gyaran rediyo da talabijin. Da matarsa muke koyarwa, don haka mun san juna. A bayan shagon ya raba wani ɗan ɗaki da labule, ya sa benci biyu da talabijin da wata 'yar na'ura da ake cusa wa kaset. Igiyoyi biyu ne suka fito daga jikinta, kowace da abin dannawa a ƙarshenta, wanda yaran ke kira hannu. Wasan na faɗa ne: mutum biyu a jikin gilashi, kowane ɗan wasa da nasa, a saman kowanne akwai wani layi da suke kira jini, wanda jininsa ya fara ƙarewa shi ya faɗi. Na leƙa ta gefen labule. Kalla yana zaune riƙe da hannu ɗaya, ɗayan yana wurin wani saurayi ɗan acaɓa mai suna Ɗan'azumi, wanda kan shigo ya ɗan taɓa kafin fasinja su samu. Ɗan'azumi wani ƙaton ɗan dambe ya zaɓa, kuma abu ɗaya tak yake yi da shi: ya durƙusa ya sharo ƙafafun abokin faɗansa. Na Kalla, wani siriri mai koren wando, ya faɗi. Ya tashi, ya tako gaba, aka sake share shi. Ya tashi, ya tako, aka share shi. Har jinin ya ƙare bai kai naushi ko ɗaya ba. Yara suka yi dariya. Ya miƙa wa na kusa da shi hannun, ya koma ƙarshen benci yana jiran layi ya sake zagayowa kansa.

Bitrus ya gan ni, ya jawo ni waje.

“Malam Idi, da ma ina neman hanyar da zan same ka,” in ji shi. “Shi da marigayin sukan zo su tsaya a taga su yi kallo, in babu mutane in ba su hannu su ɗan taɓa. Ƙaramin ne ke son mai koren wandon nan. Tun bayan abin da ya faru wannan yake zuwa kullum, ni kuma na kasa hana shi.”

Na ce, “To ai gara nan da bakin ruwa. Ko ba komai yana wasa.”

Ya juya sukudireba a hannunsa.

“Malam, ba wasa yake yi ba. Ya san inda naushi yake, na sha ganin hannunsa a da. Zuwa yake yi a doke shi.”

Da wannan magana na taho gida, na tarar Inna ta riga ta yanke shawara. Ƙanenta, Kawu Sale, yana Birniwa, yana da gona da shanu, kuma babu kogi a kusa. A kai masa yaron ya shekara, ya yi nesa da ruwan da ya riƙe shi.

“Ranar kasuwa mai zuwa a sa shi a mota,” in ji ta. “Na riga na aika wa Sale.”

Na ce, “Inna, a ɗan yi mini haƙuri da shi zuwa yankan gero. Na gano inda yake zuwa. So nake in riƙa zama tare da shi a wurin.”

Da na faɗa mata ko ina ne wurin, ta daɗe tana kallona.

“Kai Idi, da gemunka? A cikin yara, kuma kafaɗa da kafaɗa da ɗan farinka? Me za ka ce wa mutanen da ke bin ka salla?”

Mahaifiyarku tana bakin murhu, ba ta juyo ba. Can sai ta ce, a hankali:

“Malam, in ka bar shi a garin nan ya koma ruwa, ni ba ni da wani.”

Abin da nake ji a raina kawai shi ne, yaron da ke neman inda za a doke shi, in aka kai shi inda babu wanda ya san abin da ya same shi, zai samo abin da ya fi hoton talabijin iya duka. Na sake roƙo. Inna ta ce to zuwa yankan gero, daga nan kuma kada in sake buɗe mata baki.

Da yake ana hutu, sai na riƙa zuwa shagon da hantsi lokacin babu yara, Bitrus ya ajiye aikinsa ya koya mini. Ya ce masu shigowa su taɓa su tafi, irin su Ɗan'azumi, ba gwanaye ba ne. Kowanne ya tsinci abu ɗaya da ya taɓa ci masa wasa, ya rungume shi. Akwai mai shara. Akwai wanda zai koma can ƙarshen gilashi ya yi ta jefo wuta daga nesa. Akwai mai tsalle, wanda ƙafarsa ba ta zama a ƙasa, kullum ta sama yake faɗo maka da shuri. Kowannensu yana da magani, kuma maganin ba ya canzawa tunda su ma ba sa canzawa. Mai wuta, ka tare ka tako, ka tare ka tako, har ka iso kusa inda wutar ba ta da amfani. Ko kuma da ka ga ya haɗa hannuwa ka tsallake ta ka sauka a kansa. Mai tsalle, kada ka bi shi sama, ka tsaya ka jira ya fara saukowa ka tarbe shi da naushi daga ƙasa. Mai shara kuwa ya fi kowa sauƙi: ka danna ƙasa da baya a tare, mutuminka zai durƙusa ya kare. In sharar ta bugi kariya, ƙafar mai ita takan ɗan yi jinkiri kafin ta koma, a ɗan tsakanin nan a buɗe yake, sai ka sa masa.

“Duk yaran nan sun san haka,” in ji Bitrus. “Gaggawa ce ke cin su. Da an kayar da mutum sau biyu sai ransa ya ɓaci, ya miƙe tsaye ya yi ta danna komai. Mai shara kuwa abin da yake jira ke nan.”

A baki abin ba shi da wuya. A hannu kuwa, yatsun da suka saba da alli da carbi suka ƙi ba ni haɗin kai. Babban yatsana na hagu ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta. Nakan danna ƙasa in manta baya. Nakan tare shara ta farko, murna ta sa in saki, ta biyu ta kwashe ni.

Ranar da na fara ɗaga labulen da la'asar, ɗakin ya yi tsit. Rabin yaran ɗalibaina ne, wasu suka sulale ta ƙarƙashin hannuna suka gudu. Na zauna a benci kusa da Kalla, irin zaman da ban taɓa yi da shi ba. Bai dube ni ba, amma na ji jikinsa ya sandare. Da layi ya zo kaina na karɓi hannu. Ɗan'azumi ya sosa ƙeya.

“Allah gafarta Malam, ni fa ba zan iya dukanka ba.”

“Yi yadda ka saba,” na ce masa. “In ka sassauta zan gane.”

Ya kuwa yi yadda ya saba. Na san abin da zai yi, na san maganinsa, amma da na ga ƙaton nan ya durƙuso sai kaina ya ɗaure, in miƙe tsaye, a kwashe ni. Haka ranar, haka washegari, haka duk makon. Ba zan iya juyawa in ce wa yayanku ga yadda ake yi ba, bakina bai saba ba. Sai na riƙa ɗaga murya ina magana da Bitrus ta cikin labule, in ce masa ka ga na sake tashi, da na zauna a durƙushe da ba ta same ni ba. Shi kuma ya amsa daga kan teburinsa ya ce in jira ƙafar ta wuce tukuna, ba ta da saurin komawa. Mu biyun mun san da wa muke. Kalla kuwa in nasa layin ya zo, sai ya tako gaba a share shi, kamar jiya. In an tashi mu taho gida, yana gaba ina baya.

Wata rana muka iso muka tarar an ɗauke wuta, janareta kuma ya ƙi tashi. Yara suka watse. Kalla ya tsaya a ƙofar shagon, fuskarsa tana duban mararrabar da ke zuwa jinga. Ban san abin da yake tunani ba, amma ni na san abin da nake tunani. Bitrus ya ajiye igiyar janaretan ya ɗaga labule ya ce mu shiga mu jira, wataƙila a kawo. Muka zauna mu biyu gaban baƙin gilashi har aka kira magariba. Ba a kawo wutar ba. Amma bai tashi ba, ni ma ban tashi ba.

Garin ba shi da girman da irin wannan zai ɓoyu. Aka fara cewa Malam Idi ya zauce tun rasuwar ɗansa. Wasu suka ce caca ake yi a bayan labule, abin da Bitrus bai taɓa yarda da shi ba. Wasu suka ce me na'ibi yake nema kullum a shagon wanda ba musulmi ba. Wata rana bayan azahar liman ya ce in same shi a gida. Dattijo ne mai sanyin hali, a gabansa na yi wani ɓangare na karatuna, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Muka zauna a zaurensa, na kwashe komai na gaya masa. Ya saurara har ƙarshe.

“Na fahimce ka, Malam Idi, Allah Ya ba yaron lafiya. Amma dattawa sun same ni har nan. Sun ce ba za su bi wanda 'ya'yansu ke kallo ana kayarwa a talabijin suna dariya ba. Ka ɗan janye ƙafa daga wurin, ko zuwa maganar ta lafa. Ni na san abin da zan gaya musu.”

Na ce, “Allah gafarta Malam, in na janye yau, gobe shi kaɗai zai zauna.”

“To ka san abin da zai biyo baya.”

“Na sani.”

Bai yi fushi ba. Ya yi mini addu'a muka rabu. A cikin makon ya tafi garin Malam Madori ta'aziyya. Aka tayar da iƙama, na yunƙura bisa sabo, sai na ga an riga an tura wani gaba. Babu wanda ya dube ni. Na tsaya a sahu na kabbara. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi mini ciwo fiye da yadda na zata, domin tun ina saurayi nake ƙaunar wurin nan. Abin da ya fi ciwo kuma, na ba da shi ban ga abin da na samu ba, yaron yana nan yadda yake. Ba a jima ba mahaifiyarku ta je gidan suna ta dawo da wuri, ta ajiye mayafi ta zauna a bakin gado.

“Yau da mu aka yi hira a gidan suna, Malam. Ina shiga aka yi shiru.”

Na ba ta haƙuri. Ta ce ba haƙuri take nema ba, so take ta san ko akwai alama. Na ce babu tukuna. Ta gyaɗa kai ta fita. Gero ya fara nuna a gonakin tudu, har yara sun fara gasa tumu. Inna ta wanke kayan Kalla ta ninke ta zuba a jaka, ta rataye ta inda dole in gani duk sanda na shiga gaishe ta. Na fara tambayar kaina ko taurin kai ne kawai nake yi, ko ita ce ke da gaskiya, na riƙe yaro a bakin ruwa ina wasa da ransa.

Alamar da ta zo ƙarama ce, har yawancin yaran ba su lura ba. Wata la'asar na gama shan kayena na miƙa wa Kalla hannu. Ɗan'azumi ya share shi, ya sake share shi. A ta gaba sai mai koren wando ya durƙusa. Sharar ta bugi kariya ta koma. Ɗan'azumi ya sake kawowa, aka tare. Ya sake, aka tare. Kalla bai rama ba ko sau ɗaya. Ya dai zauna a durƙushe, babban yatsansa har ya yi fari saboda dannawa, har lokacin wasan ya cika aka ba Ɗan'azumi nasara don jininsa ya fi yawa. Yaran suka yi ta ƙorafi wai an ɓata musu lokaci. Da muka fito Bitrus ya ɗaga kai daga rediyon da yake gyarawa, ya dube ni, ya mayar.

Ya yi kwanaki a haka, yana karewa ba ya duka. Na gaya wa mahaifiyarku. Ta kasa gane abin da zai sa babban mutum murna don yaro ya durƙusar da hoto, amma ta ga fuskata. Ta tashi ta je ta durƙusa gaban Inna da kanta ta roƙi a ƙara mana lokaci, ita da ba ta saba sa baki a maganar yaron nan ba. Inna ta yi faɗa ta gaji, sannan ta ce a bar motar wannan kasuwar ta wuce.

Kafin wata kasuwar ya rama. Ya tare shara, ƙafar ƙaton tana kan hanyar komawa, sai siririn ya miƙe ya sa masa naushi ya sake durƙusawa. Ɗan'azumi ya yi dariya ya ce sa'a ce. Ya sake kawowa, ya sake sha. Ya gwada tsalle, abin da bai saba ba, aka tarbe shi tun bai sauka ba. Da ya rasa abin yi sai ya koma wa sharar tasa, don ba shi da wata, har jininsa ya ƙare. Ɗakin ya kaure da ihu. Ɗan'azumi ya ajiye hannu, ya dafa kan Kalla ya ce yau kam an gama da shi, ya fita neman fasinja yana dariya. Yaron kirki ne, bai taɓa sanin abin da ake ciki ba. Na dubi fuskar yayanku ina jiran ko murmushi ne. Babu. Ya ajiye hannun a hankali ya tashi ya fita, alhali shi ke da damar ci gaba.

Na bi shi. Bai nufi gida ba. A mararraba ya ɗauki hanyar jinga. Wannan karon ban tsaya a baya ba, na ƙara sauri na jera da shi, ina auna ko hannuna zai kai wuyan rigarsa in ya zabura. An yi ruwa da safe, ƙasa ta yi santsi. Muka hau jinga. Kogin yana nan a cike, jawur, yana tafiya da ƙarfi ba tare da ƙara ba, can nesa wani masunci yana tura kwalekwale da gora. Muka yi ta tafiya a kan jingar har wani wuri kusa da wata goruba, inda gaɓa ta zabtare. Ya tsaya.

“Nan ne,” ya ce.

Muryar ta dishe kamar ta tsoho. Na ji tsoron in yi motsi ta koma.

“Ƙasar ce ta tafi da shi. Na kama rigarsa, Baba. Na riƙe sosai. Rigar ce ta fita.”

Na durƙusa a gabansa a cikin taɓon, na kama hannuwansa duka biyu. Na ce masa ruwan nan ya sha ƙwace mutum daga hannun manyan masunta. Na ce da ni ne a wurin, haka rigar za ta fita a hannuna. Na ce babu mai ganin laifinsa a gidanmu, ba ni ba, ba uwarsa ba, ba Inna ba. Ya tambaye ni ko da gaske nake. Na rantse masa. Sai a lokacin ya yi kukan da bai yi ba tun ranar, kuka mai sauti, ni ma ban hana nawa ba. Mun daɗe a wurin. Kafin mu sauko ya roƙe ni abu ɗaya, kada in gaya wa mahaifiyarku maganar rigar.

Magana ba ta dawo masa a rana ɗaya ba. Da farko da ni kaɗai yake yi, a hanya, sai Inna. Mahaifiyarku ce ta ƙarshe, ranar da ya ce mata ruwan randa ya ƙare, ta saki moɗa a ƙasa ta shige ɗaki. Ya yi wata da watanni yana in'ina, wadda har yau kukan ji ta in ransa ya ɓaci. Inna ta sauke jakar ta mayar da kayan cikin adaka, ta ce rubutun ƙarshe da aka karɓo ne ya yi aiki. Ban yi mata musu ba. Ban san ta inda Allah Ya kawo sauƙi ba, na dai san inda nake zaune lokacin da ya zo. Mun ci gaba da zuwa shagon har aka koma makaranta, daga nan muka rage, muka daina. Ni dai har na bari ban taɓa cin Ɗan'azumi ba. Bayan wasu shekaru Bitrus ya kwashe iyalinsa ya koma gida Filato, muka yi sallama a tasha, ban sake jin labarinsa ba. In Allah Ya haɗa ɗayanku da wani nasa, ku san akwai alherin mutumin nan a kanku. Na'ibanci kuwa bai dawo ba. Da liman ya rasu aka naɗa wanda aka tura gaba a ranar nan, na bi shi salla shekaru masu yawa, kuma mutumin kirki ne.

Alkawarin rigar na riƙe shi har mahaifiyarku ta koma ga Allah ba ta ji ba. Da na zo rubuta wannan na ga ba ni da ikon sa shi sai da izinin mai shi, sai na kira yayanku a waya. Shi ma yanzu da furfurarsa, autarsa ma ta wuce shekarun da Bukar ya yi a duniya. Na gaya masa abin da nake son rubutawa.

“Rubuta, Baba,” ya ce. “Amma akwai abin da ban gaya maka ba a ranar. Kafin ƙasar ta zabtare Bukar ya kama tarwaɗa, babba. Shi kaɗai ya jawo ta, ban taya shi ba. Cewa yake ta yi Iya zai kai wa. Ka sa wannan ma, su san ya iya.”

Ga shi na sa.